Dutsen Iyakar Yaslam

Daga Jidda, shekara bakwai da fitar Turawa daga ƙasarmu Adan.

Zuwa ga ɗana Faraj. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwar mahaifiyarka, yaya yaran? Ni lafiya lau. Gadin shagon da nake yi ba wuya, tsayuwar ce kawai take kumbura mini ƙafa.

Saƙonka ya iso. Ka ce kwamitin manoma yana so in dawo in shaida a kotun jama'a cewa maƙwabcinmu Yaslam ya ci iyakar talakawa, in na ƙi su kore ka daga koyarwa. Ka ce har abokan aikinka sun daina gaishe ka.

Faraj, da aka ce a raba gonakin sarakuna, ni na fara cewa madalla. Amma da hannuna na riƙe igiyar awo ranar da aka kafa dutsen iyakar Yaslam, shekarar yunwa. Dabino goma sha ɗaya ne a gonarsa, kakansa ya dasa su. Alƙalin kwamiti ya gama hukuncinsa, bakina kawai yake nema.

Nan ma 'yan garinmu ba su ƙyale ni ba. Jiya wani ya ce, "Baba Ubaid, har yanzu jar tutar 'yan gurguzun tana aljihunka?" Na ce, "Zuba shayi, sarkin surutu."

In na dawo na faɗi gaskiya, ɗauri ne. In na zauna, aikinka ya tafi. Ƙarya kuwa ba zan yi wa Yaslam ba. Gobe da safe zan roƙi mai shagon ya ajiye maka gurbin ɗaukar buhu, ko Allah zai ba ka hanyar fitowa. Ka yafe mini.

Mahaifinka,
Ubaid bin Karama