Allurar Motar Baba da Cajin Mutanen Taloka

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Baba ya ce ranar Jumma'a zai karɓe makullin bas daga hannun Yaya Shittu, ɗan wansa da ke tuƙa masa ita. Motar ta hannu ce, da azumi aka saye ta. Allurar gudu tana tsalle, injin yana tari. Baba ya ce gangancin direba ne. Yaya kuwa 'ya'yansa huɗu, ba shi da wata sana'a.

Na karanci lantarki, amma ban taɓa buɗe mota ba. Na dai ce a bar ni in duba.

Talata, 6 ga Mayu
Fulogi lafiya. Batir lafiya. Mun je Rabah mun dawo, ko motsi allurar ba ta yi ba. Yaya ya ce, "Injiniya, motar ga kunyarki taka ji."

Laraba, 7 ga Mayu
Na bi shi Goronyo, ni da Inna Larai, ƙanwar mamata, a kujerar gaba. Lafiya lau har Taloka. Can fasinjoji sunka yi ta miƙo salula ta taga. Ashe al'adarsu ce, duk wanda ya shiga motar Shittu sai ya ba da caji, har da na maƙwabta da ba su tafiya, tunda wuta ba ta zama. Yaya yana da allon cajin salula ƙarƙashin kujera. Muna tashi allura ta hau rawa, injin ya fara shaƙewa.

Na ce a cire cajar. Wani tsoho ya ce, "Ɗiyata, mi salulata tay yi miki?" Aka cire. Shiru. Aka mayar, rawa ta dawo. Na sa an sake, don kada ya zama sa'a ce kawai.

Alhamis, 8 ga Mayu
Na gano! Wanda ya haɗa allon ya ɗaure wayarsa a kan notin da wayar na'urar injin ke komawa jikin ƙarfen mota. Notin ya yi tsatsa, ga shi sako-sako. Na kankare, na ɗaure, na ja wa allon wayarsa daban da fis ɗinsa mai yanke wuta in ta yi yawa. Farcena ya karye. Ban damu ba.

Abin da ya dame ni: allon na Yaya ne, Baba bai san da shi ba. Yaya ya ce, "Mashkura, ki ce noti ne kawai." Ba ƙarya ba ne. Ba kuma duka gaskiyar ba ne.

Jumma'a, 9 ga Mayu
Na faɗa wa Baba duka, a gaban Yaya. Na ce ba gudu ba ne, kuma allon nan shi ya sa mutanen Taloka ke barin motoci su wuce suna jiran tamu. Baba ya daɗe yana juya makulli a hannu. Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce na tabbata.

Ya jefa wa Yaya makullin, ya ce da shi, "Kai, ka kai ta ta sai takalmin kirki, injiniya ba ta aiki da silifa."

Lahadi, 11 ga Mayu
Yaya ya ce motar abokinsa Bilyaminu fitilunta na ƙiftawa, ko zan duba? Na ce ya kawo ta bayan la'asar. Sai da ya fita na tuna ban ma tambayi ko wace irin mota ce ba.