Hoton Jamila

Konni, Alhamis

Yaya Nafi'u,

Bayan gaisuwa, ya aiki, ya mutanen Tawa? Ni dai na gaji, wallahi. Kuran, wutar lantarkin nan, ya dawo da ƙarfi shekaranjiya, kwamfutar shagon hoto ta ƙone ƙurmus. Hotunan shekara shida!

Sauran jama'a za su yi haƙuri. Damuwata Hauwa ce, Bafillatar ƙauyen Tajaye da ke kawo mini nono. Ɗiyarta Jamila ta rasu watan jiya wajen haihuwa. Hotonta ɗaya ne a duniya, wanda na ɗauka da Sallah, ban kuwa wanke ba. Na ce mata ta zo Laraba ta amsa.

Ƙanwarka,
Rashida

Tawa, Asabar

Rashida,

Ina amsawa. Allah ya jiƙanta. Kwantar da hankalinki, ai don irin wannan rana na saya miki diski na biyu. Na ce ki kwafe komi duk Juma'a, ki kai shi gida, kar ya kwana a shago, kar kowa ya taɓa. In kin bi, hoton na nan. Buɗe ki gani.

Yayanki,
Nafi'u

Konni, Lahadi

Yaya,

Ina wuni. Na bi, Allah shaida, Juma'a ko ɗaya ban tsallake ba. Amma yayan maigidana, Zakariya'u, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi a waya, ya zo aro wata biyu da suka wuce. A tsakar gida ya tambaya, gaban uwarsu. Da wane baki zan hana? Ya maido da godiya, na ci gaba da kwafewa, ban taɓa duba tsofaffin ba. Yau na buɗe. Waƙoƙi ne dam! Wai wuri ya yi masa kaɗan, sai ya share hotunan, ya zaci ina da su a shago.

Ga diskin nan na ba direban tasha. Kar ka yi mini faɗa, na yi wa kaina ya isa.

Rashida

Tawa, Talata

Rashida,

Sannu. Na gwada duk abin da na sani. An zuba sabo bisa tsoho, babu abin da ya rage. Zan aiko wani diski mai lambar sirri. In an zo aro ki ce nawa ne, ni na hana. Kuma ki riƙa buɗewa kina dubawa. Ki gaya wa Hauwa gaskiya.

Nafi'u

Konni, Laraba

Yaya,

Gaisuwa. Hauwa ta zo, na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta tambaye ni ina Jamila ta zamna ranar da na ɗauki hoton. Na nuna mata bencin da ke gaban labule. Ta zamna nan har la'asar, tana shafa katakon. Da za ta tashi ta ce, "Ke kin gan ta ranar. Ta yi dariya?"

Na ce ta yi. Yaya, ban tuna ba.

Ka gaida gida.
Rashida