Aljihun Kaka Ba Biskit

Anti mai shawara,

Ki taya ni godiya, sannan ki cece ni. Allah ya ba ni 'ya mai kula, irin wadda ko jami'in kwastan sai ya ɗauki darasi a wajenta. Tun da likita ya ce ƙodata ta gaji, ba aljihun da ba ta zazzage ba. Har gwangwanin biskit ɗin da na ɓoye bayan rediyo ta tono.

Ni kuwa biskit na sayar har gemuna ya yi fari. Ta ƙamshi kawai nake gane katan ɗin da ya kwana biyu. Da yamma nakan tattaro waɗanda suka karye a gindin kwali in kawo gida, marigayiya uwar yaran ta dafa shayi, su kewaye tire suna rigima a kan babban ɓari. Wannan kwastan ɗin ma ta fi kowa saurin hannu.

Ba kwaɗayi ya sa na rubuto ba. Jikata, wadda nake kira Uwargida, in ta dawo daga makaranta takan zura hannu a aljihuna, in karya ɗaya biyu, mu ci tana ba ni labarin wanda ya sha faɗa a ajinsu. Da ta laluba ta ji wayam, ta sake ta ji wayam, sai ta daina tsayawa. Gaisuwa daga bakin ƙofa, sai gaban talabijin. Na ce a ba ni ko don ita, uwarta, wato kwastan ɗin, ta ce ta san hannuna. Maƙwabcina ya ce in nemi marar sukari. Don Allah, ɓari guda ne zai kai ni injin wankin ƙoda?

Tsohon Mai Katan

Baba Mai Katan,

Kada ka ga laifin kwastan ɗinka. Ta rasa uwa, tsoron rasa uba take yi. Amma ta ɗan zarce.

Gishiri da sinadaran fosforas da fotasiyam su ne ke yi wa ƙodar da ta gaji nauyi. Don haka yi sallama da mai cakuleti, mai gyaɗa, mai busassun 'ya'yan itace da mai gishiri-gishiri. Marar sukari kuma ba lasisi ba ne: sukarin aka cire, sauran suna nan. Ƙarami wanda ba ado yakan sami wuri, sai dai in akwai ciwon sukari lissafin ya canza. Ku kai wa likitanka ledar biskit ɗin, kai da 'yarka, ya duba ta tare da gwajin jininka ya yanka maka adadi. Ku tambaye shi har madarar shayin.

In ya yarda, gwangwani ya zauna a hannun 'yarka, ta riƙa sa maka guda ɗaya a aljihu kafin a tashi daga makaranta. Uwargida za ta dawo ɗakinta ba biko.

Allah ya ƙara sauƙi, ya bar ku tare. Sai dai, tsohon ɗan kasuwa, in ka karya biyu, a hannun wa babban ɓarin yake tsayawa?