Kwandon Hawa na Biyar

Litinin, 8 ga Mayu

'Yata Rosaria ta bugo daga Jamus. Wai jikata Nunzia za ta zo Napoli hutu, ta ga garin uwarta. Hutu! Na san 'yata. An turo yarinyar ne ta duba ko na isa a kwashe ni zuwa gidan tsofaffin da ke kusa da su. To, bismillah. Da ƙafata zan zaga da ita garin nan, ta koma ta ba da labari.

Laraba, 10 ga Mayu

Na zura kwando daga barandata ta hawa na biyar kamar kullum, na ƙwala wa Pasqualina mai kayan miya kira: tumatir, burodi, lemon tsami. Ta ɗaga kai ta ce, "Malam Aniello, an ce za ka sauko? Mu sa a kaɗa ƙararrawar coci?" Na ce ta ji da ma'auninta, ɓarauniya kawai.

Gaskiya tun rasuwar matata Titina ban sauka ba. Ba don na kasa ba. Me zan je nema a ƙasa, alhali komai yana hawowa da igiya?

Asabar, 13 ga Mayu

Ta iso. Doguwa, da idon kakarta. Wayarta cike da shawarwarin baƙi, na ce ta ajiye ta saurari ɗan gari. Kifi a kasuwar Pignasecca, da sassafe, amma ban da Litinin, don masunta ba sa fita Lahadi. Kada ta ci abinci inda aka manna hotonsa a ƙofa. Safar hannu ta fata, wurin tsohon abokina Vicienzo, ta ce ni na aiko ta. Tudun San Martino da la'asar, rana a bayanta, teku da dutsen Vesuvio a gabanta. Jan ƙahon nan na sa'a kuwa da ake rataye wa baƙi a kowace kwana, ba a saya wa kai. Sai an ba mutum kyauta yake aiki.

Ta ce, "Kaka, tare za mu fa." Na ce da wa kuma?

Lahadi, 14 ga Mayu

Na goge takalma. Sun ɗan yi mini yawa.

Litinin, 15 ga Mayu

Saukar ba ta ba ni wuya ba. Na tsaya a hanya sau da dama, don in nuna mata ginin ne. Da muka fito titi sai hasken ya yi mini yawa, baburan ma sun ƙara gudu. Gwiwa ta ƙi. Na tsinci kaina a kan akwatin lemo a bakin shago.

Pasqualina ba ta tsokane ni ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Cewa kawai ta yi, "Zauna, Malam, dama ina neman mai gadin kankana."

Mai burodi da mai gyaran babur suka hau da ni a kan kujera. Nunzia tana biye, riƙe da hulata.

Talata, 16 ga Mayu

Ita kaɗai ta fita. Shagon Vicienzo ya zama wurin soya dankali, shi kuma ya rasu bara. Ba wanda ya gaya mini. Amma San Martino ta ce yadda na faɗa haka yake. Ai dama.

Alhamis, 18 ga Mayu

An girgiza igiya, na jawo kwando. Ɗan jan ƙaho ne a ciki, shi kaɗai. Nunzia daga ƙasa tana ihu, duk unguwa na ji: "Ban saya wa kaina ba, Kaka!"

Da ta hawo ta zauna a gabana. "Na gaya wa Mama gaskiya. Na kuma ce mata Jamus ba za ta yi maka ba, wa za ka zaga a can? Amma hawa na biyar ya ƙare." Wai akwai ɗaki a jikin shagon Pasqualina, ƙofarsa a kan titi. Na ce ni da na koyar da Latin ba zan zauna inda mai wucewa zai leƙa tukunyata ba. Ta ce, "Ko ƙasa, ko Jamus. Zaɓi." Bakin kakarta sak.

Juma'a, 2 ga Yuni

Nunzia ta koma Jamus, ni kuma na sauko ɗakin ƙasa. Ɗakin yana da danshi, kuma na ɗan lokaci ne, kafin gwiwar ta warware.

Kujerata tana bakin ƙofa. Wasu baƙi biyu sun tambaye ni hanyar kasuwa, na tsare su har sai da suka ji zancen kifin Litinin da na ƙaho. Pasqualina ta ce, "Tsoho, kana tare mini ƙofa." Ta aiko mini da gahawa.

Kwandon na bar wa ma'auratan da suka kama ɗakina. Da safe ya sauko ta saman kaina, ni na zaɓa musu tumatir.

Sai yanzu na tuna ban ɗaga kai na dubi barandar ba. Mantuwa ce kawai.