Sunan Mahaifina Ya Fito Bayan Mun Rufe Shi

Zuwa ga Hajiya Shugabar ƙungiyar agajin masu ciwon ido da ke aiki a yankin Tambuwal da Kebbe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da iyali da ma'aikatanki, ranki ya daɗe, sunana Ummaru, ɗan marigayi Malam Bello na Fakku. Ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya, kuma ina cikin 'yan sa-kan da ƙungiyarki ta ɗauka don yi wa masu yanar ido rajista a ƙauyukanmu. Sau biyu na rubuto wa ofishinki ban sami amsa ba, shi ya sa na fito fili. Ban ambaci sunan ƙungiya ba, domin ban zo don in tozarta kowa ba. Na ga alherinku da idona. Akwai tsofaffi a garinmu da aka kai su a hannu suka dawo da ƙafarsu.

Abin da ya tayar da ni shi ne, na ji a rediyo cewa kun ɗauko masana su duba yadda kuke aiki da kwamfuta da waya, kuma wai jama'a sun nuna gamsuwa. Ni ba a tambaye ni ba. To ga tawa amsar.

1. A da, littafi ake rubuta sunaye a ciki. Idan ranar aikin ido ta matso, a aiko wa mai unguwa, a faɗa a masallaci, a yi shela a kasuwa. Da kuka kawo kwamfutar hannu, na yi murna fiye da kowa. Kwana uku muka yi a Tambuwal ana koya mana. A nan na tambayi mai koyarwa yadda za mu yi da wanda ba shi da waya, tunda fom ɗin ba ya wucewa sai an sa lamba, kuma ba ya karɓar lamba ɗaya ga mutum biyu. Ya ce mu sa ta kowane ɗan'uwa. Haka muka yi.

2. Mahaifina ya shekara biyu yana fama da yana a ido biyu. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a kan littattafai, manyan mutane na zuwa daga Sanyinna da Dogon Daji su ɗauki karatu a zaurensa. Da ido ya rufe, sai ya koma ba da karatu da ka, yana riƙe da littafi a cinya yana shafa bangonsa. Bai taɓa kuka da halinsa ba, amma da na ce masa ana yin aikin kyauta, sai da ya sa na maimaita. Tawa lambar na riga na sa wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ba ta da kowa. Sai na sa masa ta ƙanena Sani, wanda ke ci-rani a kudu. Da hannuna na rubuta ta. Wannan yana cikin abin da ke damuna har yau.

Saƙon ranar aiki ya tafi wayar Sani, da Turanci. Sani ya sauke Alƙur'ani, yana karanta ajami kamar ruwa, amma ba ya jin Turanci. Ya ɗauka tallan kamfani ne, ya goge. Ni kuwa ina Fakku ina jira. Saƙon tsohuwar nan ma bai shigo wayata a kan lokaci ba saboda rashin sabis. Sai ranar da na je kasuwa saƙonni suka zubo gaba ɗaya, na tarar an gama aiki kwana biyu da suka wuce. Ba wanda ya aiko, ba wanda ya yi shela, domin an ce yanzu na'ura ke sanarwa.

3. Da zagaye na gaba ya zo, ban jira saƙo ba. Na goya Malam a babur tun bayan sallar asuba, na ɗaure shi da rawaninsa a bayana don kada ya zame, muka kama hanyar Tambuwal. Da muka isa, ma'aikaciyar da ke kan tebur ta duba ta ce na'ura ta rubuta cewa an kira shi bai zo ba, saboda haka ta cire shi. Na roƙa a sake yi masa rajista. Aka ce yanzu sai da zanen yatsa, aka sa yatsansa a kan gilashin na'ura, ya ƙi karantuwa. Aka shafa masa ruwa, aka goge, aka gwada duk goman. Tsoho ne da, ban da karatu, ya yi noma da hannunsa har ƙarfi ya ƙare, zanen yatsunsa ya shafe.

Ba na zargin yarinyar. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, har ta shiga ta gaya wa likita, ya fito ya haska idon Malam, ya ce aikin mai sauƙi ne, a shirye yake. Amma ba a fitar da kayan aiki daga sito sai da lambar da kwamfuta ta bayar, kuma mai ikon buɗe ta yana Sakkwato, wayarsa ba ta shiga. Muka zauna a gindin dalbejiya har la'asar. Malam ya juyo wajen da yake jin muryata ya ce, "Ummaru, likita na nan, ni ma ga ni. To mi yar rage?" A hanyar komawa tasbihinsa nake ta ji a bayan kunnena.

4. Na cika takardar koke kamar yadda aka umarce ni. Kafin a duba ta, zazzaɓi ya kwantar da Malam a tsakiyar damina, Allah ya karɓi abinsa. Ban ce ku kuka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Abin da nake cewa shi ne, ya bar duniya bai sake ganin shafin littafi ba, alhali likita ya tsaya a gabansa. Muna cikin zaman makoki Sani ya miƙo mini wayarsa, don tun daga wancan karon ba ya goge komai. Saƙo biyu ne. Na farko ya ce an karɓi kokenmu, an mayar da sunan Bello cikin jerin masu jira. Na biyu ya ce wai Malam ya zaɓi lamba daga ɗaya zuwa biyar, ya nuna yadda ya ji daɗin hidimarku.

Ranki ya daɗe, wannan ne binciken gamsuwar? Waɗanda suka amsa su ne masu babbar waya da data da Turanci. Wanda tsarin ya bari a baya, ta ina zai amsa? Kuna ƙirga sunayen da suka shiga na'ura. Mu a nan muna ƙirga waɗanda har yanzu ake ja da sanda zuwa masallaci.

Ban ce a jefar da kwamfuta ba. Tana hana ɓatan takardu, tana hana a sa ɗan gida a gaban talaka, na shaida haka. Roƙona shi ne:

Masananku su baro ofis su zo Fakku su zauna da waɗanda suka rasa ranarsu, ni zan tara musu su. A riƙa aiko saƙo da Hausa, kuma da murya, sannan a dawo da shela da sanarwar masallaci a haɗa da shi. A bar lambar ɗan sa-kai ta ɗauki mutanen da ya rubuta duka. Wanda yatsansa ya ƙi karantuwa a ɗauki hotonsa da shaidar mai unguwa. Mafi girma, a ba likitan da ke wurin ikon yin aiki idan majinyaci na gabansa, a shigar da bayani daga baya.

Roƙo na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Gurbin da kuka buɗe wa mahaifina yana nan a na'urarku. Kada ku bari ta sake rubuta cewa an kira shi bai zo ba. Ku goge sunansa, ku sa na ƙanwarsa Gwaggo Hajo, wadda idonta ɗaya ya rufe, ɗayan kuma yana bi. Ba ta da waya. Ku faɗa mini ranar da baki, ni zan kawo ta.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya saka wa ƙungiyarki da alheri a kan idanun da ta buɗe, ya ba ki ikon gyara abin da ya saura. Allah ya jiƙan magabatanmu.

Wassalam.

Ummaru ɗan Malam Bello,
Fakku, Ƙaramar Hukumar Kebbe.