Zuwa ga Yaya Habu: An Kaɗa Takardunka a Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Damagaram. Na rubuta wannan a fili ne, inda jama'a za su gani, domin duk ranar da na tayar da maganar kiɗa a waya sai ka ce layi ba kyau.

An kaɗa takardun kiɗanka, Yaya. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, a gaban mutane, kuma an naɗi sautin kai tsaye.

Ka tuna ɗakin ajiyar nan na unguwar Waziriyya, bayan garejin da kake gyaran na'urar sanyin mota? Kai da abokanka uku, kun jingina katifu a ƙofa don kada maƙwabta su ji, kana ta dukan jitar lantarki har yatsunka suka yi kanta. Kiɗan rok kuke ce masa. Ni kuwa ina kawo muku shayi don kawai a bar ni in zauna.

Sai wata rana ka ce mini jita ta yi wa abin da kake ji a kanka kaɗan. Wani tsoho Bamisire mai koyar da goge, wanda kake gyara wa mota, shi ya nuna maka yadda ake rubuta kiɗa, ɗigo-ɗigo a kan layuka biyar. Shekara shida kana rubuta wa goge da sarewa da ƙahonin tagulla abin da za su faɗa, alhali ba ka taɓa riƙe ko ɗaya ba. Har yau ban gane yadda mutum zai ji makaɗa ashirin a ransa, hannunsa duk baƙin mai, ba tare da ya rikice ba.

Da kafilinka, wanda ya tsaya maka a ƙasar nan, ya rasu, iƙamarka ta izinin zama ta mutu, aka mayar da kai ƙasar da sau ɗaya ka taɓa gani. Abin da ka ce mini ke nan: "Halas, Hauwa, ya ƙare. Ki ƙona su."

Ban ƙona ba. Ka yafe mini.

Fu'ad, mai gangarku, shi ya kai su wurin wata baiwar Allah da ke jagorantar ƙungiyar makaɗan zamani. Bayan mako guda ta kira ni tana tambayar makarantar da ka yi. Na ce gareji. Duk da haka ta ce za su kaɗa. A wurin gwaji masu busa suka yi ƙorafin ba ka bar musu wurin numfashi ba, suka nemi a sauƙaƙa. Ta ƙi taɓa ɗigo ɗaya. Wata uku suna fama.

Da ƙyar na shawo kan Umma ta zo. Ta zauna a takure cikin abayarta, kamar mai jiran likita. Aka fara da goge takwas a tare, da irin zafin nan naka, har kujera na rawa. Can a kashi na biyu komai ya lafa, sarewa ɗaya ta ɗauki wata 'yar murya mai hawa da sauka. Umma ta damƙe hannuna.

"Wannan ai kiran cinikina ne," in ji ta.

Haka ne kuwa. Yadda take tallar atamfa a kasuwar Bab Makka shekara da shekaru, shi ka ba sarewa, sauran makaɗa suna amsa mata. Ba ka taɓa gaya mana ba. Ta rufe fuska da mayafi, kuma idan ka saurara da kyau za ka ji shessheƙarta a cikin faifan.

Kashi na huɗu ba ka ƙarasa shi ba. An ba jagorar shawarar a ƙirƙira masa ƙarshe, ta ce ba nata ba ne. Suka kaɗa har daidai inda alƙalaminka ya tsaya, ana tsakar hawa, sai ta sauke hannu. Ta juyo ta faɗi sunanka cikakke, ta ce mai kiɗan yana raye, kuma suna jiran saura.

Ni ma ina jira, Yayana. Na turo maka faifan da hoton shafin ƙarshe.

Allah Ya tsare mini kai, Ya sanyaya zuciyarka, Ya sa wa hannunka albarka, Ya sake haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Hauwa'u
Jidda