Daddawarki Ta Kusa Ƙarewa

Zuwa ga Ramatu, matar ɗana, a makwancinki na bayan gari. Aminci ya tabbata a gare ki, Allah ya haskaka kabarinki.

A kan allo nake rubuta miki, don takarda ta yi wa irina tsada. Na san ba za ki karanta ba. In na gama zan wanke.

Kaka ta yi a nan garin Ƙarfi. Mijinki yana gona tun asuba wurin yankan dawa, sai magariba yake shigowa. Ni kuwa daga sussuka sai surfe, sai daka, rana ta faɗi ban ɗora tukunya ba. 'Yarki Ladi ta fara iya hura wuta. Ƙaninta Tanko ne damuwata. Tun da aka fita da ke ya rufe bakinsa, yaron shekara uku har wuyansa ya fito. Kunu ya ƙi, fura ya ƙi. Tuwo kawai yake ci, shi ma sai in da daddawarki aka yi miyar. Ta kasuwar Malumfashi na gwada, ya sansana ya ture akushin.

Kin tuna wadda kika yi da bazara, kika jera a tukunyar bayan rumbu? Kowane curi da shatin babban yatsanki a tsakiya, inda kika danna. Duk maraice in na buɗe, sai warinta ya taso kamar kin gifta ta bayana. Sau biyu ina juyawa. Ba kowa, sai hayaƙi. Uku suka rage.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Shekara takwas muna gida ɗaya, ban ci miyarki da daɗin rai ba. Na gan ki rannan kina cura daddawa da goyo a bayanki, na yi waswasin tsarkin hannunki. Daga nan nake cewa cikina ba ya son miyar kuka. Kin sani, ko? Ai kin sani. Shi ya sa kike ajiye mini tuwo gaya a faifai, ba ki ce komai ba. Wane karatu na yi, da bai hana ni zargin hannun da ke ciyar da jikokina ba?

Makon jiya na dafa kalwa da kaina, na rufe ta da ganye kwana uku yadda kike yi. Da na cura, sai na danna yatsana a tsakiya, na zuba cikin tukunyarki. Yau da tawa na yi miya. Tanko ya leƙa tukunyar daddawar ya ga shatin, ya tambaye ni ko ta innarsa ce. Ramatu, ni da ban yarda in yi ƙarya ko da wasan jika ba, na gyaɗa kai. Ya ci malmala guda, ya suɗe hannu.

Na yi istigfari, amma ban yi nadama ba, kuma gobe zan sake. Laifin a wuyana yake, ba a naki ba.

Naki ukun na naɗe su a tsumma. Ɗazu na gutsuri kaɗan na sa a bakina. Ashe haka take da daɗi.

Ki yafe mini. Sai mun zo.

Surukarki, mai riƙe miki murhu,
Iya Hajo